Yadda za ku raka ɗan takararku na gwamna daga firamare har rantsuwa ba a yi muku sakiyar da ba ruwa ba

Wannan rubutun naku ne ku matasan da kuka shiga tafiyar wani mai neman gwamna, ko an ba ka kodineta na ƙaramar hukuma, ko kai sojan baka ne a Facebook da gidan rediyo, ko kuma kawai kana cikin masu bin motar oga ana raba muku hula da riga. Yawancinmu mun ɗauka zaɓe shi ne ranar da aka fito da akwati, a tara jama'a a cika fili a yi ta ɗora hoto ana cewa "an gama", alhali kujerar gwamna tun wata goma ko fiye kafin ranar ake cinta ko a zubar da ita, kuma a kan takarda ake zubar da ita ba a filin taro ba.

Ku tuna Zamfara 2019. APC ta samu ƙuri'a 534,541, PDP ta samu 189,452, wato ko kusa ba a yi ba. Amma rikicin ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana a yi zaɓen fidda gwani, wato firamare, na ƙwarai kafin wa'adin INEC ya cika, ranar 24 ga Mayu 2019 saura kwana 5 rantsuwa Kotun Ƙoli ta ce duk ƙuri'un APC asara ne tunda a doka ba ta da ɗan takara, shi ke nan Bello Matawalle ya zama gwamna, sanatoci 3 da 'yan majalisar tarayya 7 da na jiha duk suka tafi tare. Toh duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali.

Fara da takardun oga, tun kafin a buga fosta ko ɗaya. Sashe na 177 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu ya nema: haifaffen ɗan Najeriya, shekara 35, ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar, sannan karatu aƙalla matakin sakandare ko makamancinsa. Da ganin wannan sai ka ce ai mai sauƙi ne, eh mai sauƙi ne, amma ku zauna da lauya ku baza takardun nan a tebur, ta makarantar firamare, ta WAEC, ta jami'a in akwai, ta bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, ku duba suna harafi bayan harafi. Mu Hausawa wannan ya fi shafa ma, domin mutum ɗaya sai ka ga a firamare Muhammadu Sani ne, a sakandare ya koma Sani Mohammed da sunan garinsu a ƙarshe, a jami'a kuma ya ƙara sunan kaka. In akwai bambanci a gyara shi ta hanyar doka tun yanzu, domin duk za su shiga fom EC9 na bayanan ɗan takara da zai rantse a kai, INEC kuma za ta manna shi kowa ya gani. Kuma kar ku tsaya kan oga kaɗai, ku duba na mataimaki. A Bayelsa David Lyon ya ci zaɓe, yana ta shirin rantsuwa, ranar 13 ga Fabrairu 2020 saura kwana ɗaya Kotun Ƙoli ta rushe tikitin gaba ɗaya saboda sunaye mabambanta a takardun mataimakinsa, washegari Douye Diri aka rantsar. Laifin ba na Lyon ba ne amma tikiti ɗaya ne.

In oga ma'aikacin gwamnati ne, tsarin mulki ya ce ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. In kuma muƙamin siyasa ne kamar kwamishina ko mai ba da shawara, dokar zaɓe ta 2022 a sashe na 84(12) ta hana shi zaɓa ko a zaɓe shi a firamare yana kan muƙamin, shi ya sa kuka ga kwamishinoni suna ta murabus a watan Afrilun 2022. A ajiye kwafin takardar murabus mai hatimin karɓa da kwanan wata, kar a ce ai kowa ya sani ya sauka.

Sai katin jam'iyya. Ya zama sunan oga yana cikin rajistar mazaɓarsa, wacce jam'iyya za ta miƙa wa INEC kafin firamare, musamman in sabon sauya sheƙa ne. Wannan magana ta rajista ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riƙe a Nuwamba 2023 ta ce Abba Kabir Yusuf ba ɗan NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi, sai da Kotun Ƙoli ranar 12 ga Janairu 2024 ta ce wannan harkar cikin gida ce ta jam'iyya ta maido masa kujerarsa. Ya tsira, amma ku tambayi Kanawa irin zaman ɗar-ɗar da aka yi na watannin nan. Ba dole sai kun bi ta nan ba.

Yanzu ga wajen da matasa suka fi yin barci, wato zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa da ƙaramar hukuma da jiha. Ranar kongires ɗin mazaɓa ba kiɗa ba talabijin, wani lokacin a ajin makarantar firamare ake yi ko a ƙofar gidan wani dattijo, mutum ashirin da wani abu za a rubuta, ciyaman, sakatare, shugabar mata, shugaban matasa da sauransu, sai ka ga yaran ɗan takara suna can suna faɗa a kwament ba wanda ya leƙa. Alhali waɗannan mutanen su ne ke riƙe da rajista, su ne ke cewa wane ɗan jam'iyya ne wane baƙo ne, kuma ta hannunsu sunan daliget, wato wakilan da ke zaɓen ɗan takara a firamare, yake bi. Wanda ya riƙe su shi ya riƙe jam'iyya, shi ya sa gwamna mai ci ba ya wasa da wannan rana. In kuka ga an ture ku sai zuciya ta ce ku je ku yi naku kongires ɗin daban, toh ku yi tunani sau biyu, kotuna sun sha faɗa cewa wanda kwamitin uwar jam'iyya ta ƙasa ya gudanar shi ne halastacce. A APC ta Kano a 2021 ɓangaren Ganduje ya yi nasa ya fitar da Abdullahi Abbas, ɓangaren Malam Ibrahim Shekarau ya yi nasa ya fitar da Haruna Danzago, ɓangaren Shekarau ya yi nasara a kotun farko a Abuja aka yi ta murna, kotun ɗaukaka ƙara ta juye hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Mayun 2022 ana dab da firamare, ƙarshe dai Shekarau barin jam'iyyar ya yi. Saboda haka tambayar farko kullum: waye Abuja ta turo, kuma INEC ta zo ta sa ido?

Daga nan ku san wace hanya za a bi wajen fidda gwani. Dokar 2022 hanya uku ta bayar, 'yar tinƙe wato duk mai katin jam'iyya ya fito ya zaɓa a mazaɓarsa, sau da yawa ƙato bayan ƙato, sai ta daliget, sai masalaha. Kuma ku sani majalisa tana taɓa dokar zaɓe kusan duk zagaye, saboda haka wani a cikinku ya sauke dokar da ke aiki yanzu da jadawalin INEC da ƙa'idojin da jam'iyya ta fitar na wannan zagayen, ya karanta da kansa, kar ku dogara da abin da aka yi wancan karon ko abin da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp. Kuɗin fom ma haka, a 2022 APC miliyan 50 ta sayar da na gwamna, PDP miliyan 21, a biya ta asusun da uwar jam'iyya ta sanar a riƙe rasit.

Masalaha tana da daɗin ji amma a nan ake yanka mutane. A dokar 2022 ba a cewa an yi masalaha sai duk wanda aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wane, mutum ɗaya ya ƙi sa hannu dole a koma zaɓe. Don haka in an kira oga gidan gwamnati ƙarfe ɗayan dare "a zauna a fahimci juna", ku tabbata ya san cewa sa hannunsa shi ne jarinsa kaf, in zai bayar ya bayar da saninsa da abin da aka yi masa alkawari, in kuma ku ne aka yi wa masalahar toh ku bi kowa ku karɓi takardarsa, kar ku yarda da "ai ya ce ya bar maka" a baki.

In ta daliget ce, lissafi ne tsagwaronsa. A 2022 APC mutum 5 ta ɗauka daga kowace mazaɓa, PDP mutum 3, kuma a waccan shekarar dokar ta cire manyan da ake kira daliget na dindindin, zaɓaɓɓu kawai suka yi zaɓe. Kano mazaɓa 484 gare ta, ka ga daliget 2,420 ke nan a APC, Katsina mazaɓa 361, daliget 1,805. Ku samo jerin sunayen nan na gaskiya, ku raba su mazaɓa mazaɓa, kowane suna a rubuta a gabansa waye ubangidansa, waye ya sa sunansa, wa yake jin kunya, domin daliget da wuya ya zama mai ra'ayin kansa, akwai wanda in ya buga masa waya ya gama. Sannan ku kasa su uku, namu na haƙiƙa, na abokin hamayya, da masu kallon inda iska ta kaɗa. Kuma don Allah kodineta kar ka yi wa oga ƙarya, wannan cutar ita ke kashe 'yan takara, kowa ya zo ya ce "ranka ya daɗe ƙaramar hukumata kulle take" don a sallame shi, in ka haɗa alkawuran da aka yi wa masu takara biyar sai ka ga sun ninka yawan daliget ɗin sau uku. Duk wanda ya rantse maka ya rantse wa wani. Dubi Katsina a Mayun 2022, Dikko Radda 506, Mustapha Inuwa 442, Abbas Masanawa 436, tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 64 ce kacal, wato daliget ɗin mazaɓa 13, waɗanda mota biyu za ta kwashe.

Maganar kuɗi kuwa ba sai na ɓoye ba kowa ya san abin da ake yi, a kwashe daliget a kai otal a karɓe wayoyi a raba ambulan. Laifi ne a doka, kuma ni a ganina shi ne dalilin da ya sa gwamna ke hawa yana bin jiha bashi maimakon jiha ta bi shi. Bayan haka ma ba ya ba da tabbas, wanda ya zo ƙarshe da ambulan mai kauri shi ake tunawa. Abin da ya fi riƙe daliget shi ne wanda ya san shi tun kafin ya zama daliget, ya je masa gaisuwar mutuwa, ya ɗaga wayarsa lokacin da ba a neman komai a wajensa.

In kuma 'yar tinƙe ce aikin ya fi yawa, domin kowace mazaɓa filin zaɓe ce, kuna buƙatar ejan, wato wakilin ɗan takara, a duk mazaɓun jihar a rana ɗaya. Hatsarinta shi ne a ƙi kawo kayan zaɓe, mutane su yi layi tun safe har la'asar ba malamin zaɓe, da daddare ku ji an karanta sakamako daga wani ɗakin otal. Maganinsa hujja: bidiyon layi mai nuna wuri da lokaci, ƙirga da babbar murya ana ɗauka, sunan jami'in da aka turo, da ko ma'aikacin INEC ya zo ko bai zo ba, domin rahoton INEC shi ne abin da alƙali zai fi dubawa.

Ranar firamare ta daliget ku je da wuri da shirin kwana. Rigimar farko a bakin ƙofa take wajen tantancewa, a nan ake musanya suna, ka ga an kira Musa na mazaɓa kaza wani ƙato daban ya amsa ya karɓi kati ya rataya. Ku sa mutumin kowace ƙaramar hukuma wanda ya san fuskokin mutanensa ya tsaya a wurin da jerin sunaye a hannu. A rubuta adadin da aka tantance kafin a fara jefa ƙuri'a, a sanar da shi a lasifika, domin in ƙuri'u suka fi wannan adadin kun samu abin zuwa kotu. Ku kula da masu "taimaka wa" daliget ɗin da bai iya rubutu ba, a nan ake rubuta masa sunan da bai faɗa ba. Ejan ɗinku kar ya tashi daga gaban akwati ko da sallah ce sai wani ya canje shi, in an ɗauke wuta ku haska fitilar waya kan akwatin nan take, ba wasa nake ba. In an gama ƙirga ya karɓi kwafin takardar sakamako.

Toh an faɗi sakamako. In an yi muku ba daidai ba kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba ku daga ranar da abin ya faru ku shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, kuma wanda ya shiga firamaren ne kawai ke da bakin ƙara, ba ƙungiyar magoya baya ba. Abin da ke cinye mutane shi ne zaman jiran kwamitin sulhu, a ce ku yi haƙuri uwar jam'iyya na dubawa, kwana 14 su wuce, shi ke nan ko gaskiyarku ta kai hasken rana kotu ba za ta saurara ba. A rubuta wa kwamitin ɗaukaka ƙara na jam'iyya, eh, amma lauya ya riƙa ƙirga kwanaki. Kuma wanda ya zo na biyu kar ya yi saurin fushi ya fice, a Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, Yahaya Bello da ya zo na biyu a firamare shi APC ta ɗauko ya gaji ƙuri'un.

In ku kuka ci, murnar ta zama ta kwana ɗaya. Washegari oga ya fara bin gidajen waɗanda ya kayar da ƙafarsa, ku kuma sojojin baka ku sauke habaici, wanda kuke zagi yau ƙuri'ar ƙaramar hukumarsa kuke nema gobe, kuma anti-fati, wato zagon ƙasa daga cikin gida, ba a sanar da ita a rediyo, sai ranar zaɓe ku ga an yi muku shinkafa da wake, an zaɓi jam'iyya a sama an bar ku a ƙasa. Lauyoyi kuma su zauna cikin shiri, Dauda Lawal sau biyu kotu a Gusau tana rushe firamarensa a 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da shi, Aishatu Binani ma an rushe nata a Yola kafin a maido mata.

Babban zaɓe kuma sharaɗi biyu ne a sashe na 179, ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Jigawa mai 27 sai ka samu a 18 ke nan. Don haka cika akwatunan garinku kaɗai ba ya isa, ku ware wuraren da ba a son ku ku nemi ko rubu'in nan.

Tsohon karatun nan na a kasa a tsare a raka har yanzu shi ne. Ejan na akwati ya zama ɗan unguwar, mai katin zaɓe a wurin, wanda ya iya karatu da lissafi, an tura sunansa INEC a kan lokaci ya samu tag, an ba shi kuɗin abinci da caji da data tun daren jiya don kar ɗan wata jam'iyya ya ciyar da shi. Da safe ya ga BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, tana kan sifili kafin a fara. Ya duba cewa malamin zaɓe yana buga hatimi yana sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takardar ƙuri'a, kar ku raina wannan, ƙuri'a 165,663 kotun sauraron ƙarar zaɓe ta cire wa Abba a Satumba 2023 a kan rashin hatimi da sa hannu, duk da Kotun Ƙoli ta maido su daga baya. In an gama a duba adadin da BVAS ta tantance, in ƙuri'u sun fi shi akwatin ya mutu, saboda haka wanda ke cusa muku ƙuri'ar banza a akwatin da kuke da ƙarfi ba masoyinku ba ne. Sai fom EC8A, takardar sakamakon akwati, a cike shi a gabansa, lamba da kalmomi su dace, ba goge-goge, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto mai kyau ya tura, ya tsaya har a ɗauki hoton fom ɗin da BVAS don ɗorawa a IReV, shafin INEC na duba sakamako. Daga nan a bi shi zuwa mazaɓa inda ake cike EC8B, ƙaramar hukuma EC8C, jiha EC8D, kuma mafi yawan aika-aika tsakanin akwati da mazaɓa ake yinta, cikin dare, lokacin da kowa ya gaji ya tafi kallon murna.

Ku riƙa lissafin akwatunan da aka soke, domin in tazarar da ke tsakani ba ta kai yawan masu zaɓen wuraren da aka soke ba sai a ce inkwankulusib, wato zaɓe bai kammalu ba. Kano 2019 Abba yana gaba da sama da dubu 26 aka ce bai kammalu ba, aka koma mazaɓar Gama da sauran wurare ranar 23 ga Maris, Ganduje ya ƙare a gaba da ƙasa da dubu 9. A 2023 Kebbi da Adamawa ma sai da aka je zagaye na cike gibi. Don haka in kuna gaba, ku ne ya kamata ku fi kowa hana rigima a akwati, duk wanda ya fasa akwati a yankinku aiki yake wa abokin hamayya ko ya sani ko bai sani ba. Kuma baturen zaɓe na jiha shi kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci, abin da kwamishinan INEC na Adamawa Hudu Yunusa Ari ya yi ranar 16 ga Afrilu 2023 na sanar da Binani ana tsakiyar tattarawa, INEC soke shi ta yi a ranar, bayan kwana biyu aka bayyana Fintiri.

Ko kun ci ko an kayar da ku, kotu na nan tafe. Kwana 21 ne daga ranar bayyana sakamako a shigar da ƙara, kotun farko na da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, Kotun Ƙoli ma 60, kuma shari'ar zaɓe akwati akwati ake tabbatar da ita, da takarda da shaidan da ya tsaya a wurin. Saboda haka tun daren zaɓe a naɗa mutum ɗaya a kowace ƙaramar hukuma wanda aikinsa kawai ya bi ejan-ejan ya karɓi asalin kwafin EC8A, ya jera su mazaɓa mazaɓa a fayil, ya rubuta sunan kowane ejan da inda za a same shi, a kai wa lauyoyi cikin kwana biyu, su kuma su rubuta wa INEC neman kwafi mai hatimi na fom-fom da rahoton BVAS tun a makon farko. A biya ejan haƙƙinsa kafin a nemi takardar, in ba haka ba wata shida nan gaba lokacin da kuke neman ya zo ya ba da shaida ba zai ɗaga waya ba.